Tokar Shafi Uku

Ƙarfe goma na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis cewa an yi sata a wani gida da ke titin Grand Concourse a Bronx. Da aka ji mai ƙarar tana cakuɗa Turanci da Hausa don ruɗewa, sai aka tura Fataw. A takarda detective ne, wato ɗan sanda mai bincike, amma duk Bronx Sufeto ake ce masa, daga masallaci har shagon aski.

Hawa biyar ya yi, ga lifta ta mutu. Ya iso yana haki, ya tarar da kwamfuta a kan tebur, talabijin a bango, ba abin da aka taɓa. Da ya tambayi abin da aka ɗauke, aka ce masa littafi ne. Wallahi kamar ya juya.

Amma da mai ƙarar, Susana Jang, ta buɗe baki, sai ya ja kujera. 'Yar Jos ce, tana digiri na uku a kan matan da suka yi rubutu da Jamusanci aka manta da su. Shekara biyu tana bin sawun wata Ottilie Brandauer, matar wani ɗan mishan da ya zauna a Kete-Krachi zamanin da Jamus ke riƙe da wajen. An buga littafin tatsuniyoyin Hausa da sunan mijin, ita kuwa Susana ta rantse matar ce ta rubuta. Makon jiya jikanyar matar, wata tsohuwa a Queens, ta ara mata ainihin kundin rubutun hannu, bisa alkawarin ba za a ɗauki hotonsa ba, kuma ranar Juma'a ya koma.

Tana magana rabi cikin tashin hankali, rabi cikin murna. Kundin ya nuna Ottilie ce ta rubuta, ba ko tantama. Amma akwai abin da ya fi wannan: ita ma Ottilie daga bakin wata Bahaushiya ta ji labaran, wadda ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "yarinyarmu". Shafi uku na ƙarshe kuma da ajami suke, da hannun matar nan kanta.

"Idan sunanta na wani wuri a duniya, a nan yake, Sufeto. Ni ban iya ajami ba."

Fataw ya gyara zama. Shi ma ɗan zangon Accra ne, kakarsa da tatsuniya ta rene shi. Nan take ya manta da ciwon gwiwar hawan bene.

Ya zaga ɗakin yana duba ƙasa da sama. A can saman kwaba ya hango wasu takardu an jera su tsaf. Susana ta ce ikon Allah, ai jadawalin baƙaƙen ajami ne da take koyo, kuma a ƙasa ta baza su jiya da safe kafin ta tafi aji, kusa da takalmanta.

Fataw ya yi murmushi. Wane irin ɓarawo ne zai tsaya gyara ɗaki? Sai wanda zuciyarsa ba za ta bar shi ya tsallake rubutun Larabci a ƙasa ba, ko da sata ta kawo shi.

Aminci ce ta biyu da ya yi wa tambayoyi, abokiyar zaman Susana, nas ce a wani asibiti. Ta ce jiya ta kulle ƙofa da hannunta, ba wanda ya shigo. Ta faɗa sau uku, ba a tambaye ta ba sai sau ɗaya.

"Ba a ɓalle ƙofa ba, kuma mabuɗi biyu ne kawai. Ke kika ɗora takardun can sama?"

"Ni ina ruwana da su?"

"To wa kika buɗe wa?"

Sai ido ya raina fata. Ta ce Alhaji Tamimu ne ya zo, wai ya manta tabaransa. Ita ta makara aiki, ta bar shi ya ja ƙofa idan ya gama. Ta ɓoye ne don kunya, ina ita ina ɗora wa dattijo sata?

Susana ta dafe ƙirji. Alhaji Tamimu shi ta nemo ya karanta mata ajamin. Shekaranjiya ya zo, ya duba shafin farko na ajamin, ya rufe, ya ce idonsa na ciwo sai wata rana.

Fataw ya san shi sarai. Tsohon direban tasi ne a Morris Heights, kuma ranar Asabar mai zuwa za a naɗa masa rawanin sarkin 'yan Krachi na Bronx. Ba ya zama a majalisa bai ambaci cewa kakanninsa jinin sarauta ne daga Katsina ba. Fataw ya ce wa Susana ta ɗauko rigar sanyi, yanzu-yanzu, don wanda ya ɗauki takarda ba don sayarwa ba, halaka ta zai yi.

Suka tarar da Alhaji yana gwada babbar rigar naɗi. Ya karɓe su da fara'a, ya ce ƙwarai ya je, ya ɗauki tabaransa, ya ja ƙofa. Littafi kuwa, me zai yi da rubutun Nasara?

Fataw ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, amma idonsa na yawo. Tagar kicin a buɗe take cikin wannan sanyin Fabrairu. Ya ɗaga kai, sai ga na'urar nan mai ihu idan ta ji hayaƙi, an saka mata safa kamar ƙafar jariri.

"Baba Alhaji, me aka ƙona?"

"Turare ne, ɗana."

"Turare ba ya sa a toshe wa na'ura baki. Kuma na san ba ka zubar da tokar a shara ba, tunda da sunan Allah a ciki. Tana ina?"

Dattijo ya nufi kicin. Sannan ya miƙa hannu saman firiji ya sauko da farin kwano rufe da ƙyalle mai tsabta, tokar na ciki. Kundin kuma ya fito daga ƙarƙashin katifa.

Susana ta rungume kundin tana tsalle, tana dariya, tana kiran sunan Yesu. Ta buɗe baya. Murnar ta koma ciki. Shafi ukun babu su.

Alhaji ya zauna a bakin gado da rigarsa ta naɗi, ya fayyace komai. Matar nan ta rubuta cewa a kasuwar Salaga aka sayar da ita tana ƙarama, 'yan mishan suka fanshe ta. Ta rubuta sunan mijinta da na 'ya'yanta huɗu. Na ukun shi ne kakansa. Ya ce a zango, ranar da aka ji kalmar bawa a gidanka, rawani ya tafi, kuma 'ya'yanka ma sai sun ji a jikinsu.

Tausayi ya kama Fataw, haushi kuma ya fi ƙarfi. Ya ce masa Baturen ya danne matarsa, matar ta danne wannan baiwar Allah, amma su duka ba su ƙona ta ba sai jininta. Ya ce ya tashi su tafi ofis. Bai sa masa ankwa ba.

Kafin su fito, maƙwabta sun cika baranda, yawancinsu 'yan Krachi masu shirin bikin Asabar. Susana ta biyo su da gudu ta sha gaban Alhaji, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ban damu da kotu ba. Duk duniya yanzu kai kaɗai ka san sunanta. Ka raɗa mini a kunne, ba wanda zai ji."

Alhaji ya dubi mutanen da za su naɗa shi, ɗaya bayan ɗaya. Bai sunkuya ba, bai kuma rage murya ba.

"Hamdatu. Ki rubuta Hamdatu, baiwa daga Salaga. Ita ta haifi kakana."

Susana ta lalubi biro ta rasa takarda, sai ta rubuta a tafin hannunta. Fataw ya riƙe wa dattijo hannun riga, suka fara sauka a hankali.