Tabarmar Bushira

Kafin Bushira ta iso tsakar gida, yayanta Balarabe ya riga ya cinna wa tabarmarta ta roba wuta.

"Gunki kawai ya rage ki kawo mana," ya ce.

Bidiyon ya zaga Dangora tun safe. Mas'ud, wanda ta ƙi aurensa bara, shi ya ɗauka ta saman katanga: ga ta durƙushe, goshi a ƙasa, ta ba alƙibla baya. Da gangan take kallon yamma in za ta yi motsa jikin nan na yoga, don kada ya yi kama da sallah. Gari kuwa ya ce wa rana mai faɗuwa take wa sujada.

Wayarta ta yi ƙara. Mujitaba ne, wanda aka sa musu rana.

"Likitata, Baba ya ce a karɓo kayan sa-rana. Kar ki yi kuka, ina hanya."

A asibitin Tudun Wada suka haɗu, inda take aikin gashin ƙashi. An kawo shi ramin kuza ya rufta masa a Riruwai. Ita ta koya masa miƙa jiki a hankali, da jan numfashi har zuciya ta nutsu.

Tare da mahaifinsa, Malam Ubale, ya iso gidansu. Tana laɓe a bayan ƙyauren zaure lokacin da tsohon ya ce, "Ba na haɗa jini da mai bautar rana."

"Baba, a kan me nake sallah tun da ramin nan ya rufta mini?"

"A kan kujera."

Mujitaba ya jingine sandarsa, ya fuskanci gabas, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Abin da ta koya mini ke nan."

Tsohon ya kau da kai. "Ka aure ta. Amma ƙafata ba za ta taka gidanku ba."

Aka ɗaura ranar Juma'a. Ƙawaye biyu ne suka raka ta, shinkafar biki ta huce a tukunya ba mai ci. Mujitaba ya shimfiɗa mata sabuwar tabarma.

"Allah ya bar mu tare, amaryata."

"Amin, majinyacina."

Washegari da hantsi wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata mai tabarau ta fito, riƙe da waya.

"Wace ce ta cikin bidiyon nan? Ta ɗauko mayafinta. Mahaifiyata ta shekara ba ta iya sujada, ita nake so ta duba ta."