Matar Irving Park

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana.

Ta zo mu sha, Kaka.

"Wallahi da idona na gani, Safura! Da makullinsa ma ya buɗe ƙofar!"

Malika ce, ƙawarta, ta miƙo mata waya. Hoton Hardi ne a ƙofar wani tangamemen gida a unguwar Irving Park, hannun mace a kafaɗarsa, fuskarta ba ta fito ba.

Safura ta ƙura wa hoton ido...

To, shi Hardi ɗan zangon Kumasi ne, amma a Amurka ya tashi. Sana'arsa jifan ƙwallo a wasan besbol. Wannan kulob ya ɗauke shi, wancan ya sallame shi, haka ya yi ta gantali har ya faɗo garin Greensboro, ya ga Safura a gidan suna, ya rikice.

Anti Ayisha, ƙanwar mamanta, ta ja tsaki.

"Ei! Namijin da ba ya shekara a gari? Ai kowane gari da tukunyarsa a wuta. Ɗauko mayafinki, ni zan tuƙa."

Da isarsu gidan suka danna ƙararrawa, Anti har ta tamke ɗamara.

Sai ga tsohuwa da sanda, kai fari fat.

Mama Perpetua ke nan. Tun rasuwar mijinta take ba 'yan wasa ɗaki kyauta, don albashinsu bai kai na haya ba; Hardi ma a nan yake zaune. A can haka ake yi.

"Ke ce Safura! Yaron nan ko abinci yake ci zancenki yake. Oh, yarinyata, ya za ki yi da tafiyar nan tasa?"

"Wace tafiya?"

Tsohuwa ta waiga wajen bene.

Hardi ya sauko daga bene, ƙunshin ƙanƙara ɗaure a kafaɗarsa. Yana ganinsu ya daskare.

"Sahibata..."

"Kar ka sahibance ni! Ina za ka?"

"Sun sallame ni. Wani kulob a Meziko ya kira, Litinin suke so na."

"Da sai dai in ji a bakin gari?"

"Hannun nan ya kusa gajiya, Safura. In na ƙi, ba mai sake kirana. Tsoro na ji kar ki ce in zaɓa..."

Hawaye suka zubo mata.

"Na zo kama ka da mace, ashe gudu za ka yi! Ka tambaye ni ko zan jira? Ka tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Za ki jira, rabin raina?"

"Budurwa ba ta jira. Matar aure ce ke jira."

Anti Ayisha ta tafa hannu.

"Ka ji ko, ɗan nan? Ba ka barin garin nan sai manyanka sun zauna gaban Alhaji babanta. Bayan nan ka je ka jefi wanda ka ga dama!"

Ran Lahadi aka ɗaura, Litinin ya hau jirgi.

Kakar wasa biyu ya yi a Meziko, hannun ya ƙi. Yanzu yara yake koya wa jifa, shi da Safura suna zaune a garin Pleasant Garden da 'yarsu Houda. Mama Perpetua ta rasu bara. Malika kuwa, ashe ita ma son sa take. Ta koma Atlanta, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.