Gwangwanaye Shida da Farin Gashi

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Alhamis aka bugo wa Sufeto Halyna Demchuk waya: dekin hawa na biyar ya rufta a wani gini da ake yi a arewacin Winnipeg, kuma akwai mutum a ƙarƙashi.

Kafin ta isa an ciro shi, babu rai. Leonard Chartrand ne, kafinta, mai jikoki biyu. Shi aka tura ya zare ƙarafan da suka tokare dekin, yana zare na huɗu abin ya sauko masa.

Sanyin Janairu ne, irin mai daskarar da gashin hanci. Halyna ta tsuguna ta ɗauki ɓarin kankare ta murza, sai ya marmashe kamar tsohon burodi. Ita 'yar magini ce, ba a yi mata wayo da siminti.

Shugaban aiki, Gord Penner, ya taho yana huci, ƙato mai jar fuska.

"Wa ya ce a zare tokara?" ta tambaye shi.

"Takarda ce ta ce, Sufeto. Ni ko ƙusa ba na cirewa sai na ga hatimin injiniya. Ga ta, karanta da kanki."

"Oho, a aljihu ma take tun kafin in tambaya."

"Shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Na san abin da za ki tambaya."

Sa hannun Injiniya Marisol Abad ne a jiki. Halyna ta same ta ita kaɗai a ɗakin cin abincin ma'aikata, ta cire zoben ƙarfen nan da injiniyoyi ke sawa a ƙaramin yatsa ranar da suka yi alkawarin riƙe amanar aiki, ta ajiye a kan tebur.

"Yi mini bayani kamar ban san komai ba," in ji Halyna.

"Duk ranar da aka zuba kankare muna cika gwangwanaye shida da shi, mu ajiye a gefen dekin, ƙarƙashin tampol ɗaya. Sanyin da dekin ya sha su ma su sha. Bayan kwana bakwai a kai su ɗakin gwaji a matse da inji. In sun yi ƙarfi, dekin ma ya yi ke nan. Aka ce mini sun yi, na sa hannu." Ta dubi zoben da ke kan tebur. "Ni na kashe Leonard."

"Faɗar wanda ya kashe shi aikina ne, kada ki ƙwace mini."

Tausayinta ya kama Halyna. Amma tausayi ba hujja ba ne, in ba ta samo wani abu ba, wannan hatimin shi zai kai matar gaban alƙali, lasisinta kuma ya tafi har abada.

A ɗakin gwaji ta tarar da Amarjit Gill, dattijo mai son hira. Ya zube mata gutsattsarin kankaren da ya matse a kan benci. Ta murza ɗaya, ko gezau bai yi ba, dutse sosai.

"Wa ya kawo su?"

"Gord da kansa, jiya da safe. Har na yi masa tsiya, na ce yau babban mutum ne ya koma ɗan aike?"

"Ka lura da wani abu?"

Ya sosa gemu. "Da hannu tsirara na sauke su daga bayan motarsa. Da ɗuminsu, ranki ya daɗe, kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Na so in yi magana, aiki ya sha kaina."

Ta nemi gwangwanayen. Kowanne da salatif ɗin da aka rubuta kwanan wata a kai, a gefen salatif ɗin kuma farin gashi ya manne, gajeru, da yawa. Ta sa su a leda, ta buga wa Marisol waya ta ce ta same ta a ofishin Gord.

Ofishin kwantena ne a bakin ƙofar gini. Da shigarta zafi ya mare ta. Wata farar karya tana kwance a kan darduma gaban hita, ta ɗaga ido ta sake kwantar da kai.

"Gord, ina gwangwanayen suka yi kwana bakwai?"

"Sama mana, inda doka ta ce. Ban taɓa su ba sai jiya da na sauko da su."

"Kyakkyawar karya. Tana raka ka sama?"

Ya yi dariya. "Mabel? Hawa biyar a tsanin ƙarfe? Tsohuwa ce, ga ciwon ƙugu. Daga mota sai gaban hitar nan, iyakarta ke nan."

"To ashe gwangwanaye ne suka sauko gaishe ta." Ta ajiye ledar a gabansa.

Bai taɓa ba. Halyna ta lallaɓa karyar ta tashi, ta yaye dardumar. Ga da'irori shida na busasshen siminti a jere a ƙasa, tsaf kamar an zana. Mutum ya yi shekara ashirin da shida a aiki, amma goge daɓe ya gagare shi.

Gord ya zauna, jar fuskar nan ta koɗe.

"Hitocin da ke ɗumama dekin ne suka mutu, Asabar da Lahadi," ya ce a hankali. "Na san in gwangwanaye suka kwana can za su faɗi gwaji, a tsayar da mu mako biyu, ga masu gini sun sa ni gaba da waya. Na ce bari in ɗan ɗumama su. Kankare yakan kama daga baya. Kullum yakan kama."

"Leonard ya sani?"

"A'a. Shekara goma sha ɗaya muna tare, Sufeto. Na ci abinci a gidansa."

"Ka ce kullum. Sau nawa ka yi haka a ginin nan?"

Marisol tana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ji shigowarta.

"Hawa na uku da na huɗu ma," in ji shi.

Halyna ta leƙa ta taga. Ma'aikata wajen ashirin sun fake wa iska a hawa na biyu suna shan gahawa, ga baraguzan hawa na biyar jibge a saman kansu. Ba abin da ya raba su da baraguzan sai dekin hawa na uku da na huɗu.

Marisol ta riga ta lissafi. Ta zaro zoben daga aljihu ta zura a yatsa, ta fizgi ƙahon gargaɗi daga jikin bango ta fita da gudu tana busawa, tana kiran mutane da sunayensu.

Sai da na ƙarshensu ya fito fili Halyna ta ciro ankwa. Gord ya miƙa hannu da kansa.

"Wa zai kula da Mabel?" ya tambaya.

"Za a samu. Tashi mu je."

Ta bi da shi ta tsakiyar mutanensa. A bakin ƙofa matar Leonard ta iso ke nan, an ce mata kawai an yi haɗari. Tana ganin Gord ta nufo shi da sauri don ta tambaye shi ina mijinta, sai idonta ya sauka a kan hannayensa.