Lambar Da Ke Jikin Motar Baba

"Ba zan sa hannu ba."

Noemi ta tsaya da cokali a hannu tana kallon mahaifinta kamar yau ta fara ganinsa.

"Baba... me ka ce?"

"Kin ji ni sarai."

Ranar Lahadi ce, sun dawo daga coci, an zauna cin abincin rana kamar yadda aka saba tun mahaifiyarta na da rai. Takardar na nan gefen kwanon wake, inda ta ajiye ta da murmushinta. Ba wani abu mai wuya ta nema ba. Duk mai son lasisin aikin iyakwandishan da na'urar ɗumama gida, sai mai lasisin da ya yi aiki a hannunsa ya shaida wa hukumar jiha cewa ya cika shekara huɗu, sannan a bar shi ya zauna jarrabawa. Noemi ta cika nata a cikin silin ɗin gidajen mutanen garin San Angelo, inda zafin Yuli ke dafa mutum da ransa. Mai lasisin kuwa ubanta ne, Efrain Barraza, wanda shi da kansa ya koya mata riƙe sifana.

"Saboda me, Baba?"

Efrain bai ɗago ba. "An gaya mini komai. Kina karɓar lasisin za ki kwashe mutanen da muke wa aiki ki kai wa yaron nan Lionel."

"Wa ya gaya maka?"

Rogelio, babban ma'aikacin kamfanin, ya ci gaba da tauna namansa hankali kwance. Tun rasuwar uwar gida yake zuwa cin abincin Lahadi ba tare da wani ya gayyace shi ba, kuma bai taɓa zuwa da ko lemo ɗaya ba. Irin mutanen nan ne masu sanyin murya da idan suka yi maka sannu sai ka duba aljihunka.

Shi kuwa Lionel Odom, a da shi ne ɗan gaban goshin Efrain a cikin ma'aikata. Shekara biyu da suka wuce ya ajiye aiki ba zato ba tsammani, ya buɗe nasa ɗan kamfanin, tun daga ranar sunansa ya koma maci amana a gidan. Noemi kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa shi take so ba.

Ta miƙe.

"Shekara huɗu, Baba... ban taɓa cewa na gaji ba."

Ya kawar da kai gefe.

Tana ƙoƙarin buɗe motarta a ƙofar gida ta ji takun mutum a bayanta.

"Haba Mimi, meye na kuka?" Rogelio ne, yana sakace haƙori. "Ni ai zan iya sa miki hannun."

Ta juyo ta watsa masa harara. "Kai a su wa? Lasisin babana nake aiki a ƙarƙashinsa."

Ya yi 'yar dariya.

"Je ki tambayi saurayinki. Idan kin dawo sai mu yi magana ta manya. Ki rabu da shi, ni da ke mu riƙe kamfanin nan, alƙalamina na aljihu."

Gabanta ya yanke ya faɗi, ba don ta gane abin da yake nufi ba, sai don yadda ya faɗe shi babu ko ɗar.

Ta tarar da Lionel a bayan gidan mahaifiyarsa, ya kwance murfin injin iyakwandishan yana wanke shi da tiyo. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Sarauniyar silin! Yaya, tsoho ya sa hannu? Mu fara shirin..."

"Me Rogelio yake nufi?"

Ruwan ya ci gaba da zuba a kan takalminsa, bai ma sani ba.

"Me ya ce miki?"

"Lionel, kar ka amsa mini tambaya da tambaya."

Ya kashe famfon, ya goge hannu a wando, ya sake gogewa.

"Zo ki zauna, zuciyata."

"Ba zan zauna ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Lasisin babanki ya mutu, Noemi. Tun shekarar da mamanki ta kwanta jinya."

Ta yi dariya, irin wadda mutum kan yi idan kunnensa ya ji abin da kansa ya ƙi ɗauka.

"Lambarsa na jikin duk motocinmu. Jiya ma da ita na fita."

"Fenti ne kawai. Duk takardar izinin aikin da kamfaninku ya karɓa a shekara biyun nan, da lasisin Rogelio aka karɓe ta. A wurin hukuma, a hannun Rogelio kika yi rabin shekarunki. Shi kaɗai zai iya shaidar su."

Noemi ta dafa bango. Duk ranakun da ta yi rarrafe cikin audugar silin mai ƙaiƙayi, duk kwamfureson iyakwandishan ɗin da ta ɗaga har bayanta ya ƙage, ashe a aljihun mai sakace haƙori take zuba su.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuya yana naɗe tiyon.

"Tun yaushe, Lionel?"

"Shi ya sa na bar aikin..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ce wa Baba ba zan hau mota mai matacciyar lamba ba. Ya riƙe hannuna a gaban kabarin mamanki ya sa na yi alkawarin ba zan gaya miki ba. Na zaci idan lokaci ya yi Rogelio zai sa hannu salin alin."

"Ka zaci."

"Ki dawo wurina, masoyiyata. Lasisina na da rai. Shekara biyu ce, kamar gobe ne, ni zan shaida miki..."

"Kullum da yamma kana shafa mini magani a hannu, kana cewa saura kaɗan, alhali ka san ƙarya ne?"

"Noemi..."

"Ba zan ƙara ajiye shekaruna a hannun namijin da ya ce yana sona ba. Babana yana sona, ga inda ya kai ni."

Ta cire zoben alkawarin da ya sa mata, ta ɗora a kan murfin injin. Ba ta jefar ba, ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali.

Da ta koma gida Rogelio ya tafi. Mahaifinta na zaune a kan bokiti a gindin tsohuwar farar motarsa, wadda da ita ya fara sana'a tun kafin a haife ta. Noemi ta wuce shi, ta ɗora tafin hannunta a kan baƙaƙen lambobin da ke jikin ƙofar. Da su ta koyi ƙirga tana yarinya.

"Baba, wannan lambar ta wa ce?"

Tsohon ya ɗago. Kallo ɗaya ya yi mata ya san an fasa ƙwai. Sai kafaɗunsa suka sauka, ya koma ɗan ƙarami a kan bokitin, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar jana'iza.

"Duk shekara akwai ɗan kwas da ake yi a sabunta," ya ce. "Shekarar da uwarki ke asibiti ban je ba. Na ce gobe, na ce jibi, har lokacin gyara ya wuce, aka ce sai dai in sake zama jarrabawa. Ni da idon nan, 'yata? Ko rubutun jikin kwalbar magani sai an karanta mini. Sai Rogelio ya ce ga nasa."

"Shi ya sa ka ce ni maciyar amana ce a gabansa?"

"In sa miki hannu a kan ƙarya, ranar da aka gano su kashe miki lasisi tun bai yi numfashi ba? In tura ki wurin Rogelio, ni da na san abin da zai nema? Da ya kawo mini zancen nan na Lionel na san ƙarya ce. Na kama ta ne don in ɓoye a bayanta." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Na gwammace ki ce ni mugu ne da ki san ubanki ba kowa ba ne."

Ta so ta rungume shi, ta kuma so ta juya ta tafi, sai ta kasa ko ɗaya.

Efrain ya miƙe da ƙyar, ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko ƙarfen kankara. A gabanta ya fara kankare lambar, ɗaya bayan ɗaya, baƙin fentin na zuba a kan takalminsa.

"Baba, me kake yi? Idan babu lamba babu aiki."

"Dama babu," ya ce, bai tsaya ba.

Washegari ya sallami Rogelio. Mutumin ya fita yana cika baki cewa sai sun zo sun durƙusa masa, ya kuma ɗebi rabin mutanen da suke wa aiki, wato daidai abin da ya ce Noemi za ta yi. Aka rufe kamfanin Barraza, aka sayar da motoci, ban da tsohuwar farar da ta zauna a tsakar gida da ƙofarta fayau.

Noemi ta tattara ta koma garin Abilene, wurin wata dattijuwa mai kamfani, Madam Krause, wadda ba ta san wasa ba. Ranar farko Noemi ta ce sai an nuna mata lasisin da idonta. Dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, "Wa ya cuce ki, yarinya?" Sannan ta ciro shi daga bango ta miƙa mata.

Shekara biyun farko da ta yi a hannun ubanta suna nan da ransu, shi ne ya sa mata hannu a kansu da gaskiyarsa. Sauran biyun ta sake su daga tushe. Ba za a ce da daɗi ba. Akwai ranar da ta zauna a cikin silin ɗin wani gida ta sha kukanta ta ƙoshi, sannan ta share fuska ta ƙarasa haɗa bututun.

Lionel kuwa bai kira ba, don ta ce kar ya kira. Amma duk Asabar idan ta sauko daga aiki sai ta tarar da kula cike da ƙanƙara da ruwan kankana a bayan motarta. Ta san nisan San Angelo da Abilene. Tun tana zubarwa har ta fara sha, tana sha tana jan tsaki.

Wata Asabar tana saukowa daga rufin wani shago ta ji tsanin ya daina rawa. Ta leƙa ƙasa. Ga Lionel nan ya riƙe shi da hannu biyu, ya rame, ya yi zuru-zuru.

"Wa ya sa ka?"

"Iska ce ke kaɗa shi."

"Sakar mini tsani, malam."

"Ki sauko tukuna, sai ki kore ni."

Ta sauko. Suka tsaya suna kallon juna.

"Na yi kuskure, Noemi," ya ce. "Na riƙe alkawarin Baba na saki naki. Ban zo da wani uzuri ba."

"Ka san me ya fi ci mini rai? Kai kaɗai nake gaya wa komai."

"Na sani."

"Ba zan aure ka ba sai lambata ta fito."

Ya ɗago da sauri, bakinsa a buɗe. "Wato... za ki aure ni?"

"Kurma ne kai? Ina ruwan kankanan?"

Ranar da sakamako ya fito, a bakin ɗakin jarrabawa ta tsaya tana karanta kalmar nan ɗaya da ke cewa ta ci, tana maimaitawa, ta kasa motsi. Sai da wani ya ce ta ba shi hanya sannan ta tuna da ƙafafunta. Mutum na farko da ta kira mahaifinta ne. Ta gaya masa ta ci. Ya ce, "Idan lambar ta zo, ki karanta mini a hankali."

Da safen ɗaurin aurensu Noemi ta fito tsakar gida cikin farar rigarta, sai ta yi turus.

Tsohuwar motar ce, an wanke ta tas. Efrain na durƙushe a gefenta cikin kwat ɗinsa na coci, da burushi a hannu, hancinsa na neman taɓa ƙofar saboda rashin gani. Ya ƙi kai ta wurin masu rubutu, ya ce aikin nan nasa ne. Lambarta ce a wurin da tasa ta daɗe, baƙa wuluk, fentin bai ma bushe ba. Layin ya karkace, bakwai ɗin ƙarshe ta fi sauran girma, ta kuma yi ɗan hawaye zuwa ƙasa.

Lionel, wanda ya zo ya riƙe wa tsohon gwangwanin fenti, ya matso ya raɗa mata, "Kar ki damu, amaryata, bayan biki zan kai a gyara."

"Ka taɓa ta ka gani," ta ce, hawaye na wanke mata kwalliya.

Efrain ya dafa ƙofar ya miƙe, ya laluba aljihu ya ciro makullin. Lionel ya miƙa hannu zai karɓa, tsohon ya buge hannun.

"Kai, koma can gefe," ya ce. "Mai lamba ce ke tuƙi."