Kwana Tara Maimakon Ashirin da Ɗaya

Baban Auta ɗan kwangila ne, mutumin da bai iya mayar da aiki ba. A shekarar nan gine-gine huɗu ya karɓa a lokaci guda, alhali turakun ƙarfen da ake tokare rufin kankare da su na gini ɗaya ne tak kamfaninsa yake da su. Yana da suna, yana da motoci. Mai gaya masa gaskiya ne ya yi masa ƙaranci, sai dai Injiniyansa, saurayin da Auta take so kamar ranta.

Da hantsi Baba ya kira ta ofis.

"Autata, zauna."

Ba ta zauna ba, don ta ga Baffa, ƙanin Baba mai riƙe da sito, yana murmushi a gefe.

"Yaron nan naki," in ji Baba, "ya hana a cire turakun benen shaguna. Wai sai kankare ya kwana ashirin da ɗaya. Yau kwana tara. Masu wani ginin kuwa sun ce in ban zuba nasu rufin a makon nan ba, wani za su ba."

"Baba, to a yi hayar wasu turakun mana..."

Baffa ya kwashe da dariya.

"Haya! Yaya, ka ji 'yarka? A ji muna hayar turaku kamar 'yan koyo? Ni dai na faɗa, wani kamfani ne ya saye yaron nan. Ga ɗana nan ya karanci gini, yana zaune."

Baba ya tura mata takarda.

"Ya sa hannu a cire, in sa muku ranar aure. Ya ƙi, kada in sake ganin ƙafarsa a gidana."

A saman benen ta sami Injiniya, wandonsa a naɗe, yana ba kankaren ruwa da kansa.

"Zuciyata! Me ya hawo da ke nan da wannan takalmin?"

Ta miƙa masa takardar. Yana karantawa fara'arsa tana gushewa.

"Taɓa nan," in ji shi a hankali. "Kin ji tauri ko? Sama ne kawai. Cikinsa ɗanye ne. Kwana goma sha biyu ya rage, Auta."

"Baba ba zai jira ba."

"Shi ma kankaren ba zai yi sauri don Baba ba."

"Wasa ma kake yi!"

"Wallahi ba wasa nake ba. Mutane ne za su tsaya a ƙarƙashinsa."

Hawaye ya zubo mata.

"Shekara uku ina kare ka a gidanmu... shekara uku! Ashe siminti ya fi ni daraja a wajenka."

"Kada ki ce haka."

"To sa hannu in kana sona."

Ya daɗe yana kallonta, ruwa yana ta kwarara a ƙafarsa. Sannan ya ɗora takardar a kan bulo, ya sa hannu.

"A gaya wa Baba kada a ɗora komai a kai," ya ce.

Ta sauka da gudu tana dariya. Saƙon ta isar, Baba ya ce ya ji. A ranar aka cire turakun, aka kai su wajen sabon rufin.

Bayan kwana huɗu, Injiniya yana can wajen sabon rufin, Baffa ya sa aka jibge bulon hawa na gaba a kan na farkon, wai ƙasa ta yi cunkoso. Kafin azahar rufin ya rufto. Wani tsoho, maginin kamfanin, wanda tun Auta tana rarrafe yake kiranta 'yar gida, shi ne a ƙasa yana shafe. An zaro shi da rai, amma ƙafafunsa biyu ba su tsira ba.

Da masu bincike suka zo, Baba ya buɗe aljihun tebur cikin natsuwa.

"Ni ɗan kasuwa ne, me na sani a kan kankare? Ga sa hannun masani."

Auta ta yunƙura za ta yi magana. Mama ta damƙe mata hannu har farce ya shiga.

"Ubanki za ki kai gidan yari?"

Auta ta koma ta zauna. Injiniya ya waiwayo ya dube ta sau ɗaya, bai ambaci sunanta ba, har aka tafi da shi. Aka soke takardar aikinsa, aka ɗaure shi shekara biyu.

Takardar ta ceci Baba, ba ta ceci kamfanin ba. Masu sauran gine-ginen uku suka janye a mako guda. Masu siminti suka daina ɗaga waya. Kotu ta sayar da motoci, ta bi da gidan. Turakun kuwa da aka je sito ba a same su ba. Bayan wata shida Baffa ya buɗe shago, yana ba da su haya.

Sai da Injiniya ya yi wata uku da fitowa Auta ta gano inda yake, a wata ma'aikatar buga bulo, yana ban ruwa a matsayin lebura. Ya rame, furfura ta fito masa.

"Masoyina..."

Bai ajiye tiyon ruwan ba.

"Ya jikin Baba?"

"Ka yafe mini. Zan je in faɗi gaskiya, ko yanzu, ko a gaban wa!"

"Gaskiyar za ta mayar wa tsoho ƙafafunsa? Rabin abin da nake samu a nan gidansa nake kaiwa. Kin taɓa zuwa duba shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ban riƙe ki ba, Auta. Hannuna ne, ni na sa. Amma duk lokacin da na dube ki, bulon nan nake gani da takarda a kai."

"Har yanzu ina sonka..."

"Na sani. Ranar ma kina sona." Ya juya tiyon. "Matsa, ruwa zai ɓata miki takalmi."

Ta matsa.

A hanyar komawa ɗakin hayar da Baba yake kwance, Auta ta fahimci abin da ya kashe kamfaninsu. Mutum ɗaya ne a cikinsa yake iya ce wa Baba a'a, ita kuma da hannunta ta cire shi.