Waken Gonar Malam Labo

Ranar da Lurwanu mai fenti ya je Tsarnawa rubutu a bangon lakwal, wato makarantar boko, sabuwar malama Mansura ce ta miƙo masa takardar abin da zai rubuta. Ya dubi takardar sau ɗaya, malamar kuwa sau uku.

"Progredi," ya karanta da ƙyar. "Malama, wanga wane yare ne? Ba ni rubuta abin da ban sani ba."

Mansura ta yi murmushi. "Latin ne, uwar Faransanci. Pro shi ne gaba, gradi kuwa taka ƙafa. Ka duba, ka aza ƙafa gaba, ka ƙara ɗaya. Nan Faransawa suka samo progrès."

Haruffa takwas suka ci masa kwana huɗu, kuma kowa ya san ba fentin ne ya ƙi bushewa ba.

Sai dai da Lurwanu ya fito neman auren Mansura, mahaifinta, Malam Labo, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san hauya ba. Ga Muttaƙa, mai taksi biyu a hanyar Dogarawa, shi ma yana nema. Da damina ta faɗi, tsohon ya raba musu gonarsa biyu, kowa ya nome rabi.

Lurwanu ya ɓace mako biyu. Hankalin Mansura ya tashi, ta tura masa saƙo:

"Mai fentina, ka ja da baya ne? Zulumi ya hana ni sukuni."

Amsa ta zo:

"Malamata, ina Bazaga wurin kawuna ina koyon hauya. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Darasinki bai fita kaina ba."

Muttaƙa ya kawo gayya har da makaɗi, kafin azahar sun gama. Lurwanu ya yi kwana shida shi kaɗai, kansa a sunkuye, masu wucewa suna masa dariya.

Malam Labo ya zagaya gonar. Tsakanin hatsin akwai waken da ya shuka, ƙanana. A rabin Muttaƙa an sare su tare da ciyawa. A rabin Lurwanu ko ɗaya bai faɗi ba.

"Yaro, ka cika nawa," in ji tsohon.

"Hakanan ne, Baba."

"Wanda ka duba ƙasa kahin shi aza ƙahwa, shi nika ba ɗiyata. Turo magabatanka."

Mansura na bayan darni tana ji, hawayen daɗi suka zubo mata.

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka yi addu'ar Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari. Waken da ya tsira a hannun Lurwanu, shi aka dafa wa 'yan biki.