Ƙyauren da Dario Ya Rufe

Don Allah ku yi haƙuri da karambanina. Ni ba marubuciya ba ce, a kujerar baya nake zama, ko hannu ban taɓa ɗagawa a aji ba. Labarin Tamsin ne, 'yar ajinmu. In na ɓata shi, laifina ne.

"Wane ne ya rufe ƙyauren nan?!"

Muryar mahaifinta ce, Mista Keogh, daga bakin rumfar askin tumaki. Tamsin ta saki littafin Latin ɗin da ke hannunta. Ranar Litinin za ta zauna jarrabawar rabe-raben adabin Rumawa, ga waƙoƙin yaƙi, ga na zambo, ga jawaban kotu, duk sun cakuɗe mata a ka. Yanzu kuma ga wannan.

Dario, saurayinta, ɗan birnin Melbourne da ta kawo gonarsu karon farko, ya miƙe da murmushinsa.

"Ni ne, Mista Keogh. Na gan shi a buɗe, na ce kada tumaki su ɓace..."

"Ka gan shi a buɗe! Ni na buɗe shi, Farfesa! Ta nan suke bi su sha ruwa. Tun safe suke tsaye a wannan rana, tsohuwar tunkiyata ta faɗi!"

Tamsin ta runtse ido. Kowane yaro a yankin ya san ƙa'idar: yadda ka samu ƙyaure, haka za ka bar shi. Ita ce ta manta ba ta faɗa masa ba. Shi kuwa a mota baki bai rufu ba, wai ya san makiyaya, ya yi zangon karatu guda yana nazarin waƙoƙin Rumawa a kansu.

"Baba, bai sani ba ne..."

"Ba ke kika ce shi ne na ɗaya a ajinku ba? A waƙar makiyayan taku tumaki ba sa shan ruwa?"

"Galibi... makiyayan suna kwance ne a inuwa suna busa sarewa," in ji Dario a hankali.

Wayyo! Ji ta yi kamar ta toshe masa baki da ulu.

"Sarewa!" Mahaifinta ya cire hula ya buga a cinya. "Tun da uwarki ta rasu nake fama ni kaɗai da ciwon baya, don ki je ki koyo yaren matattu, abin da kika kawo min ke nan? Kai, ɗauki motarka. Kada hannunka ya sake taɓa ƙyaure a gonata! Ke kuma ki zaɓa, ko shi ko gidan nan."

"Tam, zuciyata..." Dario ya fara.

Tamsin ta katse shi. "Tafi kawai! Kai komai sai ka mayar da shi aji!"

Ya tafi, ƙura na bin motarsa.

Ita da mahaifinta suka yini suna ɗura wa tunkiyar ruwa. Haushin Dario take ji, da na Baba, da na Rumawan da suka rubuta tumaki ba tare da ƙishirwa ba. Ta kira wayar Dario, babu sabis. In ta koma jami'a ta bar tsoho, in ta zauna ta rasa wanda take so.

Da rana ta yi sanyi suka hau a-kori-kura don duba shinge. A babban ƙyauren da ke fita titi suka hango motar Dario. Yana zaune a ƙasa, fuska ta yi jawur, leɓe ya bushe.

Tamsin ta diro a guje.

"Me kake yi a nan?! Hauka kake?"

"A rufe na same shi. Babanki ya ce kada in taɓa." Ya haɗiyi yawu. "Tunkiyar... ta tashi?"

"Ta tashi, sakarai!" Hawaye suka ƙwace mata. "Tun rana tsaka? Ko ruwa babu?"

"Na ga ai tumakin ma haka suka yi."

Mahaifinta ya sauko a hankali, hannu a ƙugu. Ya dubi yaron.

"Wannan ma a littafin yake?"

Tamsin ta share ido tana dariya. "Akwai, Baba. Waƙar bege. Masoyi na kuka a bakin ƙofar budurwa, an rufe shi a waje."

"To wannan a ciki aka rufe shi." Ya jefa wa Dario gorar ruwa. "Sha, Farfesa. Gobe akwai aski, kai za ka kwashi ulu, ita ta yi karatunta. Litinin ka kai min ita jarrabawa, kuma ka dawo min da ita hutu."

"In buɗe ƙyauren ran Litinin ɗin?"

"Ita za ta buɗe. Kai dai riƙe sitiyari."

A ɗakin karatu Tamsin ta ba ni labarin, ba ta san zan rubuta ba. Ga su can ma suna shigowa, hancin Dario har yanzu yana saɓa saboda ƙunar rana. Bari in tattara takarduna in bi ta bayan kantocin littattafai, tun ba su waigo ba.